Yadda na haɗa allo uku a ɗakin aikina, da abin da ya ci min kuɗi kafin in gane kan abin

Ni aikina lissafi ne, ina riƙe wa shaguna huɗu littafinsu, biyu a Kantin Kwari biyu a Singa a nan Kano, kuma kusan komai ta WhatsApp yake zuwar min, hoton rasit, hoton takardar da yaron shago ya rubuta da biro, alat ɗin banki, ni kuma in zauna in shigar a Excel in daidaita da kayan da ke sito. Kusan shekara uku ina wannan aikin a laftof mai inci 14, in buɗe hoto in haddace lamba in rufe in koma Excel in rubuta, haka har dare. Abin da ya sa na ce dole in canza shi ne ranar da na rubuta 68,000 a inda ya kamata a ce 86,000, lissafi ya ƙi haɗuwa, Alhaji ya kira yaronsa yana tuhumarsa a gabana, yaron har idonsa ya kawo ruwa, sai da na koma gida na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya na ga ashe daga wurina ne. Na je na ba su haƙuri su biyun amma abin ya tsaya min a rai sosai, dan da ace rasit ɗin yana gabana a buɗe lokacin da nake rubutawa da hakan bata faru ba. Shi ya sa nake rubuta wannan, duk mai son ƙara allo ya ga inda na bi.

Abin da na fara yi shi ne na tafi Beirut Road, inda ake sayar da kayan kwamfuta, ranar wata Asabar da niyyar sayen monita biyu, a raina kawai zan jona su da laftof ɗin da nake da ita shi kenan. Kuɗin da ke hannuna bai kai na biyu ba sai na ɗauki guda, Dell P2419H mai inci 24 ta hannu, irin waɗanda ake cewa tokumbo, akan naira 75,000. Farashin nan duk da zan faɗa abin da ni na biya ne a lokacin, kun san kayan nan dala suke bi, kar wani ya je ya riƙe shi a kasuwa. Na tambayi mai shagon nace Oga in na samu kuɗi na ƙara ta biyu yaya zan haɗa, tunda kafar HDMI ɗaya ce a jikin laftof ɗin, yace ai ba matsala akwai sifilita, ka saka waya ɗaya ta fito da biyu, ya ɗauko min wani ɗan akwati baƙi na biya 9,000 na taho ina murna. Monitar ta yi aiki lafiya lau daren nan, gaskiya ko da allo ɗaya aka ƙara maka sai ka ji kamar an buɗe maka taga a ɗaki. Bayan sati biyu na aro monitar ƙanina dan in gwada sifilitar kafin in sayi tawa, na jona, duka biyun suka kawo, amma abu ɗaya suke nunawa sak, in na motsa linzami a nan ya motsa a can. Na kwana ina danne-danne ina zaton saiti ne ban iya ba. Ashe aikin sifilita kenan, hoto ɗaya take rabawa gida biyu, irin na gidan kallon ƙwallo da ake son talabijin biyu su nuna wasa ɗaya, ita kwamfutar a wurinta allo ɗaya take gani. Na mayar da ita mai shagon yace an riga an buɗe kwali, sai dai in ɗauki wani abu, na ɗauki wayar HDMI da linzami na haƙura da ragowar.

Daga nan wani ya ce min ai laftof ɗinka tana da ƙaramin ramin nan na USB-C, ka sayi adafta mai fitar da HDMI. Na sayo akan 12,000, na jona, shiru, allo baƙi ƙirin. Na canza waya, na canza monita, na kashe na kunna, babu. A nan ne na fara jin haushin kaina da abin gaba ɗaya har na yi kwana huɗu ban sake taɓawa ba. Ranar Laraba na ɗauki laftof ɗin da adaftar na koma kasuwa, wannan karon wurin masu gyara na nufa ba masu sayarwa ba, na samu wani matashi a wani ɗan lungu yana cire allon wata laftof, na zauna a benci kusan awa ɗaya da rabi ina jira ya gama da mutum biyu da ke gabana. Da ya karɓa ko minti uku bai yi ba, ya duba lambar samfurin da ke ƙasanta ya bincika a wayarsa yace Malam wannan ramin naka fayil kawai yake ɗauka, baya fitar da hoto. Ya yi min bayani cewa ramin USB-C kamanninsu ɗaya amma ba aikinsu ɗaya ba, wanda ke fitar da hoto sau da yawa za ka ga alamar walƙiya a gefensa wato Thunderbolt, ko alamar harafin D ta DisplayPort, wato wani ramin jona allo kamar HDMI, in babu alama to sai an duba takardar samfurin. Yace akwai wata adafta mai fasahar DisplayLink da ke bi ta USB na yau da kullum, sai an saka mata manhaja, tana yi wa mai aikin ofis amma tana ƙara wa kwamfuta nauyi, ga tawa tsohuwa ce fankarta ma kuka take. Har ya ƙara min da cewa masu MacBook Air M1 suna yawan zuwa da irin wannan kukan, dan ita allo ɗaya tak take ɗauka a waje in ba da irin wannan dabarar ba, mutum ya kashe kuɗi mai yawa ya zo yana mamaki. Na tambaye shi nawa zan bayar yace a'a Malam ai ban kwance komai ba, da ƙyar ya karɓi kuɗin ruwa.

Shi ne ya fara tambayata abin da babu wanda ya tambaye ni tun farko, wai wane aiki kake yi da ita, kuma kana fita da ita ne ko a ɗaki take zama. Nace Excel ne da WhatsApp da burauza, kuma fitar da nake da ita bai fi sau biyu a wata ba. Yace to ka bar laftof ɗin dan fita, ka nemi kwamfutar tebur irin ta ofis, ƙaramar nan, tunda su dama an yi su ne da ramukan allo biyu ko uku a baya. Wannan shawarar ita ta juya komai. Na ɗauki sati uku ina tara kuɗi ina kuma zagayawa ina leƙa bayan injina, dan yanzu na koyi in an nuna min kwamfuta bayanta nake fara juyawa in ƙirga ramuka. A wani shago an so a haɗa min babbar kwamfuta mai katin hoto na masu gem, fitilu ko'ina, wai in dai allo uku ne sai da shi, kuɗin ya ninka abin da nake da shi sau uku. Ba gaskiya ba ne ga irin aikina, katin hoton da ke haɗe cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Intel ta waɗannan shekarun yana ɗaukar allo uku, in dai injin yana da ramukan. Mai tace bidiyo mai nauyi ko zanen gini shi kam zancensa daban, amma mai lissafi da rubutu kuɗinsa kawai zai ƙone, ga cin wuta.

Inda na daɗe ina shawara shi ne tsakanin kwamfutocin tebur biyu na Dell, OptiPlex 7050 da 7060. Ita 7050 ɗin da na gani tana da DisplayPort biyu da HDMI ɗaya, uku cif, kuma ta fi araha, har na kusa biya. Sai na tuna maganar Windows, dan Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 a hukumance daga Intel zubi na 8 yake farawa, 7050 kuwa zubi na 6 ko na 7 ne a cikinta. Masu shago za su ce maka ai muna saka mata 11 ɗin ta hau, eh tana hawa ta bayan gida, amma ni lissafin dukiyar mutane ne a ciki bana son abin da wata rana sabuntawa zai tsaya min. Ita kuma 7060 zubi na 8 ce, Core i5-8500, sai dai DisplayPort biyu ne tabbas a jikinta, rami na uku na zaɓi ne, wata za ka ganta da VGA wata HDMI wata kuma an toshe wurin da ƙarfe babu komai. A shago ɗaya na sa aka sauko min da guda biyar daga kan kanta, biyu ne kawai ke da na ukun, yaron shagon har ya fara gajiya da ni. Na ɗauki mai HDMI, RAM 16GB da SSD 256GB, akan 230,000, nace kuma ba zan biya ba sai an jona mata allo uku a gabana. Aka ɗan yi jayayya, maigidan yace Malam ba ka yarda da mu ba ne, nace Alhaji ba haka ba ne, sau biyu ina kai kaya gida suna ƙin yi, ka taimaka min. Ya sa aka jona, ukun suka kawo kowanne da nasa, sannan na tura kuɗi. Na sa ya rubuta min rasit da lambar jikin injin da garantin sati biyu da ya yi alkawari da baki, dan wanda ba a rubuta ba ranar da ka dawo sai a ce ba a yi haka da kai ba.

Waya ma ta ɗan ba ni wahala amma a taƙaice, wayar da kai ɗaya DisplayPort ɗaya kan HDMI hanya ɗaya take bi, daga DisplayPort na kwamfuta zuwa HDMI na monita, in ka juya ta ba za ta kawo ba. Tunda monitocin da na saya suna da DisplayPort a jikinsu sai na sayi mai kai iri ɗaya guda biyu na huta.

Monita ta biyu na nemi irin ta farko sak, P2419H, 78,000, dan na gwada ta ƙanina kusa da tawa na ga yadda bambancin tsayi da haske ke gajiyar da ido, linzami ma in zai tsallaka sai ya yi tsalle. Ta uku ita ce nake so in tsayar a tsaye saboda hoton rasit dogo ne, a nan ma na yi kuskure, na ɗauki wata mai araha inci 22 akan 42,000 ban kula da irin gilashinta ba, da na juya ta a tsaye sai gefe ɗaya ya yi duhu ɗaya gefen ya yi fari fat, in na ɗan karkata kai rubutun biro ya ɓace. Irin gilashin da ake kira TN ne, daga gaba kawai yake kyau, wanda ake so ga allon gefe ko na tsaye shi ne IPS. Ga shi kuma ƙafarta bata juyawa, da littattafai na tokare ta. Wannan karon Allah ya taimake ni rasit ɗin yana da garanti a rubuce, na mayar washegari na cika 20,000 na ɗauki P2219H wadda ƙafarta ke juyawa da kanta tana kuma hawa da sauka. Kafin in karɓa na sa aka buɗe farin shafi gaba ɗaya sannan baƙi, a haka ne ake ganin ɗigo ko layi ko tabon da hoton ado ke ɓoyewa, ta farko da aka kawo min tana da wani siririn layi kore a gefe, aka canza.

To kaya sun cika, sai ga matsalar da ban taɓa kawowa a raina ba, tebur. Teburina tsawonsa mita ɗaya ne faɗinsa rabin mita, monita mai inci 24 kuwa faɗinta wajen santimita 54 ne, biyu sun riga sun wuce teburin balle ta uku. Kwana biyar kayan suna ƙasa a kan tabarma an rufe da zani, uwargida tana ta fama da yara kar su hau. Na je wurin wani dattijon kafinta a unguwarmu da awo a takarda, nace Baba ƙafa biyar tsawo, faɗi ƙafa biyu da rabi, tsayi inci 29, a huda min rami biyu a baya na wayoyi, a yi min ɗan kanta a gefe wanda injin zai zauna sama da ƙasa. Yace ɗana wannan faɗin ai ya yi yawa, katako zai ci, ka bar shi ƙafa biyu, nace a'a Baba a bar shi haka, dan na riga na gwada a ƙaramin teburin na ga in allo ya matso fuska sosai ido ke ciwo, ana son tsakaninka da shi kamar tsawon hannunka in ka miƙe, ga kibod ga littafin da nake buɗewa a gaba. Muka yi 65,000, yace kwana huɗu, ya zama kwana tara saboda rashin wuta a wurin masu yanka katako, na yi sawu uku. Amma aikin ya yi kyau, ya saka katako mai kauri da ƙarfafa a tsakiya dan kar ya lotsa. In kana da niyyar saka ƙarfen nan mai riƙe monita da ake ɗaurewa a bakin tebur to ka faɗa wa kafinta tun farko ya bar baki mai kauri, ka kuma duba bayan monitar akwai ramukan kusoshi huɗu na VESA, yawanci tazarar milimita 100 ko 75. Ni ban saya ba tunda ƙafafun nawa suna hawa da sauka.

Ranar da aka kawo tebur na ajiye shi inda tsohon yake, bayana ga taga, da safe rana na fitowa sai na ga taga da labule da inuwata duk a cikin allo. Na juya shi ya fuskanci tagar, sai hasken ya dinga dukan idona allon ya koma duhu. Sai a karo na uku na gane a gefe ake barin taga, muka ja shi jikin bangon da ke sa tagar ta koma hannun hagu, na kuma tabbatar na bar wurin shimfiɗa darduma dan a ɗakin nake nafila, sai da muka fitar da wata tsohuwar durowa kafin wurin ya isa. Jerin allon ma na fara da manyan biyun a tsakiya, haɗinsu daidai hancina, ta tsaye a can gefe. Sati ɗaya wuyana ya riƙe ta dama har juyawa a sallah sai na ji shi, saboda duk yini kaina a karkace yake, babu allon da ke gabana kai tsaye. Na sake jeri, wadda nake rubutu a kai ta dawo tsakiya daidai kibod, ta rasit a tsaye a hagu dab da ita, ɗaya babbar a dama an ɗan karkato ta ciki, na sauke su har saman allon ya zo daidai idona ko ƙasa kaɗan. Cikin kwana uku ciwon ya tafi. A Windows kuma ka danna maɓallin Windows da P ka zaɓi Extend dan kowane allo ya nuna nasa, sannan ka shiga saitin allo ka ja akwatunan 1, 2, 3 su jeru yadda suke a teburinka, ka mayar da ta tsayen Portrait, in ba haka ba za ka tura linzami hagu ya ɓullo ta dama.

Wuta ce ta zo ƙarshe kuma ita ya kamata in fara lissafawa. Shekara uku da laftof na manta cewa batirinta ne ke rufa min asiri, ranar farko da aka ɗauke wuta ina tsakiyar lissafin Singa komai ya mutu ɗif, aikin kusan minti arba'in ya tafi. Ina da inbata da batir ɗaya 12V 200Ah da muke kunna fitila da fanka, na jona a kai, amma duk sanda aka ɗauke wuta ko aka kawo sai injin ya mutu ya sake tashi. Na kira mai haɗa mana sola ya zo bayan kwana biyu, ya leƙa bayan inbatar ya tura wani ɗan makunni zuwa inda aka rubuta UPS, yace a ɗaya yanayin tana jinkirin sauyawa, fitila bata ji amma kwamfuta tana ji. Ya saka mitarsa muka auna, injin da allo uku suna cin wajen wat 100 zuwa 120 a aikina. Ya yi min lissafi a bayan kwali, batirin a rubuce wat 2,400 ne na awa, amma irin na ruwan nan rabi ake so ka ci in kana son ya yi shekaru, in an cire asarar inbata ya rage wajen 1,000, wato awa takwas in kwamfutar ce kaɗai, in an haɗa da fanka da fitilun gida kuwa bai fi biyar ba. Da na ɗauki waccan mai katin gem ɗin da ban san inda zan sa kaina ba. Yanzu in wuta ta daɗe bata zo ba ina kashe ta dama in rage hasken sauran biyun, na kuma sa Excel yana ajiye aiki duk minti biyu.

In da zan sake daga farko, da mai sola zan fara kira, sannan in auna ɗaki da tef in san inda taga take, in ba kafinta aiki, kafin ya gama in nemi inji ina ƙirga ramukan bayansa, monita ita ce ƙarshe, dan ita ce ta fi sauƙin samu kuma ita na fara saya. Sifilita da adafta da kuɗin adaidaita sahu na sawu kusan goma sun tasar wa 40,000 da ban amfana da su ba. Kuma duk wanda aikinsa bai kai ga allo uku ba ya tsaya a biyu, ni kaina ta dama wani yinin statement ɗin banki kawai ke zaune a kanta, wadda ta canza min aiki da gaske ita ce ƙaramar ta tsaye, rasit yana buɗe a gefen idona ina rubutawa. Yanzu da hunturu ya shigo ƙura ce abin da nake fama da ita, uwargida ta ɗinka min murfi uku da ragowar atamfa ina rufe su in na tashi, injin kuma duk ƙarshen wata ina kai shi wurin matashin nan ya hure min shi da bulowa, adaftar USB-C ɗin ma na bar masa ya ba wanda tasa laftof ɗin ke karɓa.